Wata 11 ina fama da kansul kafin yarona ya samu takardar EHCP a Ingila

Abin da na fara rubutawa a fom ɗin nema wa yarona EHCP, wato takardar taimakon karatu da kansul (ƙaramar hukumar garinmu) take ba yara masu buƙata ta musamman, layi uku ne kacal, nace yaro ne mai natsuwa, yana son motoci, magana ce dai ta yi masa nauyi amma muna godiya ga Allah. Wallahi a lokacin gani nake na yi daidai, don haka aka tarbiyyantar da mu, ko kana kwance rai a hannun Allah in aka ce ya jiki da sauƙi za ka ce, balle kuma ɗan da ka haifa, ɗan fari ma wanda ko sunansa ba na iya kamawa a gaban manya, ace in zauna in zayyana wa baƙi duk abin da ba ya iyawa a takarda? Layi ukun nan sai da suka ja mana asarar kusan wata biyar, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙarshen 2021 muka biyo maigida, shi aikin jinya ne ya kawo shi, muka sauka wani gari a arewacin Ingila, yaron yana da shekara biyu da 'yan kwanaki. Tun muna Kano na lura ba ya waiwaye in an kira shi, amma kowa ka gaya wa sai yace ai yara maza haka suke, kawunsa ma sai da ya shekara huɗu ya buɗe baki, yanzu ga shi ba a iya tsayar da shi. Da muka zo nan abin sai ya ƙara fitowa fili. In yana son ruwa ba zai nuna ba, hannuna zai kama ya ja ni har gaban firij ya ɗora hannun nawa a kai kamar wani maɓalli, motocinsa sai ya jera su layi ɗaya tun daga ƙofar falo har kicin, in ka taɓa guda ɗaya to ranar babu zaman lafiya, yana tafiya da kan yatsu, in na kunna bilenda ya toshe kunne yana ihu yana buga kansa a bango. Abinci kuwa farar shinkafa ce ba miya da biskit kala ɗaya, shikenan. Barci ƙarfe biyun dare ya tashi sai asuba.

Ma'aikaciyar lafiya da take duba yara 'yan shekara biyu zuwa biyu da rabi ita ta fara furta kalmar otizim, abin da nake ji a rediyo ana cewa galahanga, ni dai otizim ɗin na riƙe don shi ne a bakin likitoci. Ta tura sunansa layin masu tantancewa tace layin da tsawo, a shirya jira. Da na gaya wa Hajiyata a waya tace ke 'yar nan kar ki bari Turawa su laƙaba wa jikana ciwo, ki dage da addu'a, kuma ta aiko da rubutu da habbatussauda ta hannun wani da zai zo. Addu'a kam ba mu taɓa dainawa ba, har gobe ina yi masa tofi kafin ya kwanta, amma na gane addu'a ba ta hana ka ɗaure raƙuminka.

Janairun 2023 ya fara nosiri, awa 15 na kyauta a sati da ake ba kowane yaro ɗan shekara uku. Sati biyu ba a yi ba aka fara kirana in zo in ɗauke shi, yau ya ciji wani, gobe ya ƙi shiga, jibi ya fice ta ƙofar baya sai a bakin get aka kama shi. Wata malama a wajen tace min wai tana ganin Hausar da muke masa a gida ce take rikita shi, mu koma Turanci zalla. Na yarda fa, wata biyu cur ina yi wa ɗana Turanci a cikin gidana kamar baƙo, har ranar da muka samu ganin mai koyar da magana ta asibiti, ita ce tace kul, kar in sake in daina yi masa harshen da na fi sakewa a ciki, yare biyu ba ya hana yaro magana, kuma yaron da matsalarsa Turanci ce kawai ai zai yi magana da Hausa, shi naki yana yi? Nace a'a. Tace to kin gani. Daga baya na gano dokar ma ta faɗi haka, cewa don yaren gida ya bambanta da na makaranta ba shi ke sa a ce yaro yana da matsalar koyo ba, abu biyu ne daban. Wannan abu yana cin yaranmu da yawa, a yi ta cewa a bari ya koyi Turanci tukuna, shekara na tafiya.

A kowace makaranta akwai malamar da aka ɗora wa kula da yara masu buƙata ta musamman, Senko suke ce mata, nosiri ma suna da mai riƙe wannan aikin. Tamu tana da kirki amma aiki ya mata yawa, ita ta fara ce min akwai wata takarda EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawa da ake rubuta wa yaro shi kaɗai, kansul ce take bayarwa, kuma in aka rubuta abu a ciki ya zama dole a kan kansul ta samar da shi, ba alfarma ba ce. Dokar yara da iyalai ta 2014 ce ta kawo ta, tana aiki tun daga haihuwa har shekara 25 in mutum yana karatu. Sai dai tace mu jira, sai sun tara hujjoji na zango biyu ko uku, kuma gara sakamakon otizim ɗin ya fito tukuna. Na koma gida na zauna jira, don ni a sanina malami in ya faɗi magana an gama.

Wata 'yar Somaliya da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a, ta ga yadda nake kokawa da shi a bakin ƙofa, bayan sallah ta zo ta zauna kusa da ni ba ta tambaye ni komai ba tace nata biyu ne haka. Ita ta karɓi wayata ta buɗe min shafin kansul ɗinmu ta nuna min wani ɓangare da ake kira Local Offer, tace doka ta wajabta wa kowace kansul a Ingila ta wallafa duk abin da take da shi na yara masu buƙata ta musamman a waje ɗaya, makarantu, masu koyar da magana, wajen wasa, hutun da ake ba iyaye na 'yan awoyi, har lambar wani ofishi SENDIASS da suke ba iyaye shawara kyauta. Shekara ɗaya da rabi ina garin ban san da shi ba. Kuma tace min abu biyu da suka canja komai, na farko uwa da kanta tana iya rubuta wa kansul ta nemi a tantance ɗanta ba sai ta hannun makaranta ba, na biyu ba sai likita ya tabbatar da sunan ciwo ba.

A nan maigida ya ɗan ja baya, kuma ban ga laifinsa ba. Bizarmu an rubuta ba mu da haƙƙin cin kuɗin tallafin gwamnati, yana tsoron kar mu nemi wani abu ya zo ya ɓata mana takardu lokacin sabuntawa. Sai da muka tambaya aka warware mana, kuɗin tallafin naƙasa na yara da ake kira DLA shi yana cikin abin da aka hana masu irin bizarmu, amma ilimin yaro a makarantar gwamnati da takardar EHCP ba sa ciki ko kaɗan. Na san gidaje namu da suke ɓoye yaro a ɗaki saboda wannan tsoron, don Allah a daina.

Watan Yuni na 2023 na tura, da layi ukun nan da na faɗa a sama, nosiri kuma suka haɗa da ɗan rahotonsu shafi ɗaya. Doka ta ba kansul sati 6 ta ce eh ko a'a. Ana sauran kwana biyu wa'adin ya cika wasiƙa ta zo, sun ƙi. Wai bayanan da aka ba su sun nuna nosiri za ta iya biyan buƙatarsa da abin da take da shi, kuma iyayensa da kansu sun ce yaro ne mai natsuwa. Maganata suka ɗauko suka mayar min. Na zauna a kan matakalar bene da wasiƙar a hannu, shi kuma yana falo yana buga goshinsa a jikin kujera don batirin motarsa ya ƙare, na yi kuka ranar ba kaɗan ba.

Washegari na kira SENDIASS. Matar da ta ɗauka dattijuwa ce daga jin muryarta, ta bar ni na gama kukana sannan tace in karanta mata abin da na rubuta, na karanta, ta yi shiru sai tace to yanzu ba ni labarin jiya tun daga tashinsa har kwanciyarsa kar ki tsallake komai. Na fara, yadda ya tashi ƙarfe biyu da rabi, yadda muka yi minti 40 kafin ya yarda a sa masa wando, yadda ya fizge hannunsa a bakin titi mota ta taka birki, famfas da har yanzu yake sawa yana neman shekara huɗu, cizon da ke hannuna. Tace duk wannan shi ya kamata ya shiga takarda, mutanen da suke yanke hukunci ba su taɓa ganin ɗanki ba kuma ba za su gan shi ba, takarda kawai suke gani, in kika rubuta lafiya lau to lafiya lau ɗin za su ɗauka. Nace mata a wajenmu abin kunya ne uwa ta tona asirin ɗanta, kuma kamar butulci ne ga Allah da ya ba ka. Tace ta fahimta, amma in ɗauka likita nake wa bayani.

Wannan kalmar ta likita ita ta buɗe min kai. Ai ko a gida in ka je asibiti ba ka ce wa likita da sauƙi, faɗa masa kake inda ke ciwo.

Ta kuma bayyana min cewa sharaɗin da doka ta sa kafin a tantance yaro ba mai tsauri ba ne, abu biyu ne, cewa mai yiwuwa yana da buƙata ta musamman, kuma mai yiwuwa sai da takardar za a iya biya masa ita. Mai yiwuwa fa aka ce, ba tabbas ba. Duk wasu sharuɗɗa da ake ƙarawa, wai sai makaranta ta kashe fam 6,000 tukuna ko sai an yi zango uku ana gwaji, ba sa cikin wannan sharaɗin na doka. Fam 6,000 ɗin gaskiya ne akwai shi a tsarin kuɗin makarantu, ana sa ran makaranta ta ɗauki nauyin taimakon yaro har zuwa wannan adadin daga kasafinta, amma ba ƙofa ba ce da za a rufe wa uwa.

Daga nan na sayi littafi na fara rubuta komai da kwanan wata. Duk kiran da nosiri suka yi in zo in ɗauke shi sai in tura musu imel bayan na dawo, yau ƙarfe kaza kun kira ni saboda kaza, don ya zama akwai shaida, a sati shida na tara goma sha ɗaya. Ɗaukaka ƙara kuma akwai wata kotu ta musamman ta wannan harkar, ba ta ƙarƙashin kansul, ba a biyan ko sisi kuma ba dole sai da lauya ba, amma wa'adinta wata 2 ne daga ranar da ke jikin wasiƙar ƙin, kuma kafin ka shigar sai ka kira masu sasanci sun ba ka satifiket, ko ka zauna sasancin ko kace ba ka so, duk za su ba ka. Ni nace ba na so, na gaji da zama. Wata ƙungiya IPSEA suna da samfurin wasiƙu da bayanin doka a shafinsu kyauta, da shi na yi amfani, dare uku ina rubutu bayan ya yi barci, maigida in ya dawo daga aikin dare ya duba min Turancin. Shafi tara na rubuta wannan karon. Ina rubutu ina istigfari, don ji nake kamar ina cin amanarsa.

Ba mu ma kai ga zaman kotu ba. Watan Nuwamba kansul ta rubuto tace ta janye, za ta tantance shi. Abin ya ba ni haushi fiye da daɗi wallahi, yaron nan dai shi ne na watan Yuli, ba abin da ya canja sai takarda. Kuma ba ni kaɗai ba ce, alƙaluman kotun da kansu sun nuna a ƙararrakin da aka yanke hukunci fiye da kashi 90 cikin 100 iyaye ne suke samun nasara ko da a wani ɓangare ne. To wanda bai san yana da damar ƙara ba fa, ko wadda Turancin bai ishe ta ba, ko mai aikin dare da rana? Su shikenan an ƙi an ƙi.

Tantancewar ita ce masana daban daban su ga yaro su rubuta rahoto, likitan yara, mai koyar da magana, nosiri, mu iyaye, sai kuma masanin halayyar koyon yara wanda rahotonsa shi ne ƙashin bayan komai, kuma su ne suka yi ƙaranci a ƙasar, shi ya sa ake ta jinkiri. A doka daga ranar da ka nema zuwa ranar da takarda za ta fito sati 20 ne, amma a 'yan shekarun nan kusan rabi ne kawai ake fitarwa a kan lokaci a faɗin Ingila. Tamu masaniyar sai Fabrairu ta zo, ta yi awa biyu tana kallonsa a nosiri, ta zauna da ni awa ɗaya. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni me yake iyawa, nace yana haɗa hoton wasa mai gutsure 50 a kife ba tare da ya ga hoton ba, ta rubuta, ta ce wannan ma zai shiga.

Ƙarshen Maris daftari ya zo, an ba mu kwana 15 mu yi gyara. Takardar sashe sashe ce daga A zuwa K, na buɗe na ga shafi wajen ashirin na ce alhamdulillah an gama, saura kaɗan in sa hannu in mayar. Allah ya sa na fara kai wa 'yar Somaliyar nan, ta wuce duk shafukan farko ko kallo ba ta yi ba ta tafi kai tsaye sashe na F, tace nan ne kuɗin yake, sashe na B yana faɗin matsalolin yaro, F yana faɗin abin da za a yi masa a kan kowace matsala, kuma abin da ke F shi ne kansul ba ta da hanyar gudu. Muka karanta tare. An rubuta wai zai amfana da samun damar taimakon babba a kai a kai, wai za a ba shi damammakin bunƙasa magana yadda ya dace. Tace min a kai a kai ɗin nan sau nawa ne, kullum ko sau ɗaya a wata? Babban waye, malama ko mai shara? Yadda ya dace a wajen wa? Na rasa amsa. Tace to haka makaranta ma za ta rasa, kuma ranar da kika je ƙorafi za a ce miki ai an yi. Ƙa'idar aikin da gwamnati ta fitar a 2015 ta ce taimakon da ke F ya zama a fayyace, a faɗi nau'insa da awoyinsa da yawansa da ƙwarewar mai yi.

Wani abin kuma, koyar da maganar gaba ɗaya sun tura ta sashe na G, wato na lafiya, alhali doka ta ce duk wani taimakon lafiya da yake koyar da yaro ko horar da shi a matsayin na ilimi ake ɗaukarsa, wajensa F. Da ban san wannan ba da shikenan ya koma layin asibiti.

Na ɗauki jan biro na bi layi layi, duk inda na ga kalma mai santsi na ja mata layi, na koma rahoton masanan na nemo inda suka faɗi adadi na kwafo, inda ba su faɗa ba na rubuta musu imel nace don Allah ku faɗi sau nawa. Na nemi zama da jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinmu, wanda haƙƙina ne a cikin kwana 15 ɗin, muka yi ta bidiyo, ina jin muryata na rawa amma ban janye ba. Ba duka na samu ba. Na nemi mai koyar da magana duk sati, aka tsaya a minti 45 duk sati biyu, da mataimakiyar malama da aka horar tana maimaita masa minti 15 kullum, sai babba ɗaya da ke tare da shi lokacin cin abinci da wasa a waje saboda guduwa, da wani lungu mara hayaniya da zai je in abin ya taso masa. Duk an rubuta da lamba.

Sashe na I na sunan makaranta a daftari fanko ake barinsa, kai za ka faɗi wadda kake so sannan kansul ta tuntuɓe ta. Makarantu huɗu na zagaya, biyu na musamman biyu na kowa da kowa. Maigida yana son ta kowa da kowa don kar a ware shi, ni zuciyata ta fi kwanciya da ta musamman, mun yi sati muna ja, a ƙarshe muka haɗu a wata firamare ta gwamnati mai ɗan sashe na yara masu otizim a cikinta, yara kaɗan a aji, in ya natsu a kai shi babban aji na ɗan lokaci. Watan Mayu na 2024 takardar ƙarshe ta fito da sunan makarantar, Satumba ya fara. Sakamakon otizim ɗin da aka ce in jira shi, sai bayan ya fara makaranta ya fito.

Kuma kar wani ya ɗauka daga an samu takarda an huta. Zango na biyu mai koyar da maganar ta bar aiki aka yi sati bakwai ba kowa, ba wanda ya gaya min, a littafin da ke zuwa gida a jakarsa na lura ba a ƙara rubuta sunanta ba. Na rubuta wa kansul ba makaranta ba, don nauyin a kansu yake, na kawo shafi da layin da ke F na lissafa zaman da ya rasa nace a biya shi, aka samo wata aka rama masa. Duk shekara kuma ana zaman bita a duba takardar, ina zuwa da fayil ɗina da littafina. Wannan duk tsarin Ingila nake faɗa, wanda ke Sikotilan ko Wels nasu daban ne.

Yanzu yana amfani da katunan hoto, in yana son abu ya ciro katin ya miƙo maka, yana da kalmomi wajen talatin, wasu Hausa wasu Turanci, famfas sai da dare. Titi har yanzu ba na sakin hannunsa.

Hajiya da ta zo mana bara ta ga allon hotunan da ke manne a firij, hoton buroshi, hoton wanka, hoton takalmi, hoton motar makaranta, ta ga yadda yake zuwa ya duba ya cire wanda aka gama ba ihu ba kokawa, ba ta ce komai ba har ta koma. Kwanan baya sai ga kiranta da sassafe, tace ke 'yar nan, kin san jikan maƙociyarmu na gidan kwana, shekararsa shida ba ya magana, kulle shi suke a ɗaki in za su fita don yana bin titi, uwar kullum cikin kuka, ko za ki turo hotunan nan naki? Na tura mata ta WhatsApp guda ashirin da huɗu, na yi mata bayani da murya yadda ake farawa da kati ɗaya tak na abin da yaron ya fi so, ƙanina ya kai shagon masu kwamfuta a bakin titi aka buga aka yi musu leda. Na ce a canja hoton motar makaranta a sa na adaidaita, na shawa kuma a sa bokiti da kofi.